Mu tsofaffin ma'aikatan masaƙa

Lokacin da na shiga masaƙa a Kakuri nan Kaduna naira ta fi dala daraja, albashin ba yawa amma dai ana sayen buhun masara har a yi wa yara ɗinkin sallah. Sai ga SAP, wato shirin gwamnati na yi wa tattalin arziki garambawul, a 1986 zamanin Babangida, naira ta faɗi warwas, daga baya atamfar waje ta cika Kantin Kwari, injuna suka dinga yin shiru. Aka sallame mu ba garatuti, kullum ku dawo wata mai zuwa, wallahi abokaina da yawa sun rasu suna jira, Allah ya jiƙansu. Manyan kuwa 'ya'yansu na Ingila. Ni yanzu maganin gwiwa ma sai 'yata ta turo, ita ma malamar firamare ce fa.