Da kyamara a lungunan Zanzibar

Jirgin ruwa daga Darussalam zuwa Zanzibar kamar awa biyu yake yi. Na zauna a sama wajen da babu rufi, kyamarata rataye a wuya, wata 'yar Canon ce ta hannu da na saya a Kano. Iskar teku gishiri ne da ita, kafin mu raba hanya gilashin ya yi dusu-dusu, ina gogewa yana komawa. Da muka sauka sai da aka duba fasfo, duk da cewa Zanzibar ta haɗe da Tanganyika tun 1964. Tsibirin yana da shugabansa da majalisarsa, kuma tun daga bakin ruwa suke nuna maka haka.

A tsohon gari na sauka, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Yawancin lungunan mota ba ta shiga, sai keke da babur da amalanke. Gidajen dogaye ne, rana ba ta taɓa ƙasa sai ta take tsaka, ita kuwa ranar tsaka ƙone hoto take yi, rabi fari fat, rabi baƙi ƙirin. Don haka daga sallar asuba ba na komawa barci.

Duk baƙon da ya zo sai ya ɗauki ƙofofin katakon nan masu sassaƙa. Na Larabawa masu kusurwa huɗu ne, wasu da ayoyi a goshinsu. Na Indiyawa samansu a lanƙwashe yake, an jera musu ƙusoshin tagulla, wai a can Indiya don kare giwa ake sa su, alhali Zanzibar babu giwa ko ta magani. Na ɗauka har na gaji. Ƙofa ba ta motsi, ba ta hana ka, shi ya sa hotunana ba su da bambanci da waɗanda ake sayarwa a shagunan 'yan yawon buɗe ido. Beit al-Ajaib, ginin da Sarki Barghash ya yi a 1883, a kewaye na tarar da shi ana gyara, domin wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020. A harabar cocin da aka gina inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, akwai rami da siffofin mutane na dutse, sarƙa a wuyansu. Na ga wasu suna tsayawa a gabansa suna washe baki suna ɗaukar kansu. Abin bai yi mini daɗi ba.

Hoton da nake alfahari da shi a mahaɗar da ake kira Jaws Corner na samo. Dattawa ne a kan dakali, mai gahawa ya ɗora butarsa a kan gawayi, yana zubawa a 'yan ƙananan kofuna, ga alawar gyaɗa a faranti. Na yi sallama, aka amsa, aka matsa mini. Wani dattijo ya ƙura wa hulata ido, ya ce in ba shi ya gani. Ya juya ta ciki da bai, yana bin zaren da farce, sannan ya cire tasa ya miƙo mini, fara ce mai ƙananan hudoji da aka zagaye da allura. Da guntun Larabci da guntun Turanci muka yi hira, ya tambayi wata nawa ake yi ana ɗinka irin tawa.

"Baba, ko ka yarda in ɗauke ka hoto?" na ce.

"Shanye gahawarka tukuna, ɗana."

Na shanye, ya sa aka ƙaro. Sai da ya manta da ni ya koma wasan domino na ɗaga kyamara. Fuskarsa ma ba ta fito sosai ba. Abin da ya fito shi ne hannunsa, jijiyoyi a miƙe, yana shirin buga ƙwaya a kan teburi, da kofin gahawa yana tururi a gefe.

Mata dabam ne. Da yawansu da sun hango kyamara sai su ɗaga hannu ko su ja mayafi. Wasu baƙi sukan tsaya daga nesa su zuƙo su da dogon gilashi. Ni a ganina sata ce, kuma wanda ya yi wa mahaifiyata haka a kasuwa ba za mu rabu lafiya ba.

Daga kasuwar Darajani na hau dala-dala, motar hayarsu, zuwa Jambiani a gabashin tsibirin. Can idan ruwa ya janye yakan yi nisa har sai ka hango shi kamar zare, mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku. Sukan kafa turaku a yashi, su ja igiya, su ɗaɗɗaura 'yan rassan ciyawar. Noman ya kankama ne wajen 1989, ana shanya ta a sayar wa masu fita da ita waje, inda ake tace wani sinadari mai sa kauri da ake sa wa a man goge baki da ayis-kirim. Wata mata ta ce in ɗauki aikin, ban da fuska. Ta ɗago mini igiya guda, rabin ciyawar ta yi fari ta ruɓe, ta ce ruwan ya yi zafi ne. Farin yashi da ƙyallin ruwa sun ruɗa kyamarar, sai da na yi ta daidaita haske kafin ruɓewar ta fito yadda idona ya gan ta.

Da yamma a Forodhani, lambun bakin teku na tsohon gari, kuwa ba a neman izini, su ne ke neman ka. Samari ne ke sheƙowa da gudu su yi alkafura daga kan katanga su faɗa teku. Kowanne ya fito sai ya zo yana ɗigar ruwa ya leƙa allon kyamara. In bai fito daidai ba ya ce a sake, ya koma layi. Wanda nasa ya yi kyau kuma ba ya barin ka sai ka karɓi lambarsa ka yi alkawarin turo masa ta WhatsApp.