Inda nake ɗaura akwatin wuta a tsohuwar mota

Sana'ata wutar mota ce, abin da ake ce wa rewaya, kuma yawancin motocin da ke shigowa garejina sun girme yaran da nake koya wa aiki. Peugeot 504, Beetle, tsofaffin Mercedes, jefi-jefi a kawo wata ta Ingila ko ta Amurka. Mu huɗu ne, ni da yara uku. Aikin da ya fi zo mana shi ne raba mota da wahalar kontak da kwandansa, 'yan ƙananan kayan da ke cikin distirbuta suna sarrafa wutar da ke zuwa fulogi, a sa mata akwatin wuta na lantarki ya karɓi aikin. Kontak yana cinyewa, tazararsa tana gocewa, kullum ana cikin saiti. Masu ƙera motoci ma sun daɗe da gajiya da shi: Chrysler ya bar shi a motocinsa na Amurka tun 1973, General Motors ya biyo baya a 1975.

Haɗa wayoyin ba shi da wuya, yaron da ya shekara a hannuna zai iya bin takardar ya gama. Abin da ba na bar wa kowa shi ne zaɓen wurin da akwatin zai zauna, don a nan na taɓa shan kunya.

A farkon fara wannan aikin, na buɗe bonet na ga wani fili shimfiɗaɗɗe a jikin mota, kusa da kwayil, wato abin da ke ɗaga wutar da ke zuwa fulogi, waya ba za ta yi tsawo ba. Na huda, na ɗaure, aiki ya yi kyan gani. Ban kula ba cewa tsakaninsa da manifol ɗin salansa, inda hayaƙi mai zafi ke fitowa daga injin, bai fi taƙi ɗaya ba. Da safe mota tana tashi bugu ɗaya. Amma in mai ita ya yi doguwar tafiya ya tsaya shan mai, sai ta ƙi tashi, sai ta huce kamar rabin awa. Na canza kwayil, na zargi kafireta, har na fara zargin akwatin da cewa jabu ne. A dawowa ta uku na kashe injin na bar hannuna a kansa, minti biyar ban iya ci gaba da riƙewa ba. Da kuɗina na sayi wani.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, ƙarƙashin bonet ya fi zafi bayan an kashe mota, ba lokacin da take gudu ba. Fanka ta tsaya, ruwa ya daina zagayawa, iska ba ta shigowa, duk zafin da ƙarfe ya tara sai ya taso ya taru a sama. Shi kuma akwatin da nasa zafin. Irin wanda ke tara wuta ya sake ta lokaci guda yana ɗaukar bolt 12 na batir ya ɗaga shi sama da 400 kafin ya tura wa kwayil, shi ya sa ake yi wa jikinsa tsaga-tsaga don iska ta sanyaya shi. Masu aikin lantarki suna da lissafi a kan kwandansar da ke cikin irin waɗannan na'urori: ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ranta biyu. Manyan kamfanoni ma sun taka wannan sawun. Jaguar mai silinda 12 da ta fito a 1971, an sa mata akwatin kamfanin Lucas a tsakiyar injin, cikin kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, daga baya dole aka ɗauke shi aka mai da shi gaba wajen lagireto.

Yanzu ba na taɓa abin huda sai na ɗumama injin sosai, na kashe, na rufe bonet, na jira minti goma. Sannan in buɗe in bi wurare da bayan hannu. Inda hannu ya iya zama, nan nake dubawa. In salansa ta fito ta gefe ɗaya, an huta, sai a koma ɗaya gefen. Injin V8 kuwa, mai silinda takwas a layi biyu, hagu da dama duk wuta ce, don haka ko dai can gaba a gefen lagireto inda iska ke shigowa, ko kuma cikin mota.

A nan muke yawan ja-in-ja da masu motocin. Mai tsohuwar mota yana son in an buɗe bonet a gan ta yadda ta fito daga kamfani, ba ya son jan akwati na zamani yana ƙyalli a ciki. Ban ga laifinsa ba. Wani dattijo ya ce da ni, “Malam, ka jefa shi cikin aljihun dashbod mana, ka rufe, ba mai gani.” Na ce, “Ranka ya daɗe, in na rufe shi a nan, zafin kansa kaɗai ya isa ya kashe shi. Ka bar ni in ɓoye shi inda zai sha iska.” Wurin da na fi so shi ne ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja, a jikin bangon ƙarfen da ya raba injin da mazaunin mutane, sama da inda ƙafa ke kaiwa, nesa da bututun hita. Sai dai ina gaya wa mutum tun da wuri cewa wasu akwatunan suna ɗan zuzu, zai iya jin sa in mota tana tsaye, wani lokaci har ya shiga rediyo. Kuma ina zuba ruwa a gilashin gaba in leƙa, don robar gilashin tsohuwar mota ba abar yarda ba ce.

Ruwa dai ƙa'idarsa gajera ce: kada akwati ya kifa, sai dai a sa bakin wayoyinsa ya kalli ƙasa, a bar wa waya ɗan lanƙwasa ta yadda ɗigo zai sauka kafin ya kai ciki. Ba na ɗaurawa a jikin injin saboda jijjiga, kuma kullum da ƙafafun roba. Sabon rami ma ba na son hudawa a motar da ta shekara hamsin da fentinta. Farantin alminiyam nake yankawa in kama shi da kusoshin da ke wurin tun asali.

Wurin zama kuma shi ke yanke hanyar waya. Siraran wayoyin nan biyu da ke kawo sigina daga distirbuta wutarsu kaɗan ce ƙwarai, in suka bi gefen wayoyin fulogi ko na kwayil sai su kwashi hayaniya, injin ya riƙa tari ba a san dalili ba. Ina murɗe su tare, in ba su hanyarsu daban, in dole su haɗu da wata waya su gitta ta kawai. Masu kaurin biyu kuwa, ja kai tsaye zuwa batir, baƙa zuwa ƙarfen da aka kankare fenti da tsatsa, ko jikin injin. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe sai da zoben roba. Kafin duk wannan ina duba motar kanta: Beetle ta kafin 1967 bolt 6 take amfani da shi, tsofaffin motocin Ingila da yawa kuma fozitif ne a haɗe da jikinsu, akwatin da aka saba ba zai yi musu ba.

Ɓoyewa ba ta nufin a binne shi. Dole hannu ya kai gare shi ba tare da an kwance rabin dashbod ba, saboda ranar da za a yi walda a jikin motar sai an cire manyan wayoyinsa. In kuma kontak ɗin na nan shi ke ba akwatin sigina, ina barin tsoffin wayoyin a naɗe kusa da kwayil, kowace da alamarta, in nuna wa mai motar yadda zai mai da su da sifana ɗaya in akwatin ya mutu masa a hanya. Sai ya gwada da hannunsa a gabana kafin in ba shi makulli.