Kifi a cikin gonar shinkafa

Yau a motar Gidimuni zuwa Damagaram wani dattijo ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Ɗana, duba mini, me mutanen nan suke cewa?" Bidiyo ne ɗansa ya turo masa ta WhatsApp daga Kano: gonar shinkafa cike da ruwa, karfasa na ta kai da kawowa a gindin shuka. Da Ingilishi ake bayanin, shi kuwa da ido kawai ya koya, kuma wallahi ya kama da yawa. Ya gane kifin na cin ƙwari da ciyawa, kashinsa na zama taki, kuma dole a ɗaga kunyar gona. Sai ya jefo tambayar da ta nuna shi manomi ne: "To in an janye ruwa za a yi yanka, ina kifin zai shiga?" Na ce masa rami mai zurfi ake haƙawa a gefe, can suke taruwa. Ba a nuna wannan a bidiyon ba, haka ba a faɗi cewa maganin feshi na iya kashe kifin ba.

Haka yawancin ilimin noma yake iso wa mutanenmu, guntu-guntu: daga rediyo, daga baki a kasuwa, daga wayar ɗa ko jika. Malamin gona bai cika leƙa ƙauye ba. Ni dai har yanzu tunanin ruwan nake, don fadamunmu da yawa kan ƙafe kafin kifi ya girma.