Jif biyu, damina da shimfiɗar but

Motoci biyu muka fita da su, duka jif, ni a gaba ƙanina a baya, muka nufi kan tsaunuka ana tsakiyar damina. Hanyar kwalta ba ta da wani labari. Daga inda kwalta ta ƙare aka shiga jar ƙasa ne tafiya ta zama tafiya.

Kafin mu tashi kowa ya sayi shimfiɗar da zai sa a but saboda ruwa da taɓo. Ta ƙanina ta yadi ce mai kauri, irin wadda ake rubuta wa 600D, wato ma'aunin kaurin zarenta, an shafe bayanta da roba, tana rufe ƙasa da gefe da bayan kujeru, ana rataya ta da maɗauri a wuyan kujera. Ido kam ya ƙoshi da ita. Tawa baƙar roba ce wadda ake kira TPE, an zuba ta daidai da ƙirar motata da shekararta, gefenta ya ɗago sama kamar na faranti. A naɗe ta zo, sai da na baza ta a rana kafin ta miƙe. Da ƙanina ya gan ta dariya ya yi, ya ce, "Yaya, wannan ai kwanon wanki ka sa a mota."

A wani shingen bincike muka haɗu da jami'in da ya ɓata mana rai. Ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya ya ce a sauke komai. Na ce, "Yallaɓai, ko za ka leƙa daga nan, ruwa ake yi?" Ko kallona bai yi ba, ya dai nuna ƙasa da sanda. Jakunkuna, tanti, kula, jarkar ruwa mai lita 20, duk muka jera su a caɓi. Ya zagaya ya taɓa jaka ɗaya da takalmi, ya ce mu tafi. Ba sannu, ba a sauka lafiya. Haka muka mayar da kaya suna ɗiga.

A gida jif ɗin nan ba abin da take ɗauka sai jakar makarantar yara da 'yar leda, ko tsohon bargo ka shimfiɗa ya wadatar. A wannan hanya kuwa gargada kaɗai ta isa ta kwance murfin jarka, ƙanƙarar cikin kula tana narkewa, ga kayan da suka jiƙe.

Da magariba muka isa masauki. Mai wurin dattijo ne, tsohon makanike, kuma kafin ya nuna mana ɗaki sai da ya ce a buɗe but ya gani. A tawa ruwa ya taru jawur a kusurwar baya. Ya kama gefen robar da hannu biyu, ya janyo ta a hankali, ya tuttular a ƙasa, kafet ɗin ƙarƙashi a bushe ƙayau. A motar ƙanina saman yadin ya yi kyau, ruwa na birgima a kai. Dattijon bai ce komai ba, ya ɗaga yadin, ya danna kafet da babban yatsa, ruwa ya tsattsafo. Ya ɗaga katakon ƙasa ya haska tocila cikin ramin safaya, sai ga ruwa kwance yana sheƙi.

"Baba, ai an rubuta ba ta shan ruwa," in ji ƙanina.

Ya ce yadin bai sha ba, ɗinkin ne ya sha. Duk inda allura ta bi ta bar huda, kuma in ba a liƙe bayan ɗinkin ba, ruwan da ya kwana a kai sai ya sami hanya. Ga kuma tsagar da aka bari saboda ƙugiyoyin ɗaure kaya. Abin da ya fi damunsa soson da ke ƙarƙashin kafet: shi ke riƙe ruwa, sai fumfuna da wari, sai tsatsa ta fara cin ramin safaya ba wanda ya sani. Ya ba mu tiyo da tsummoki, ya jawo fanka ya sa a bakin but har safe, kuma ya ƙi karɓar komai.

A nan na yarda cewa tsayin gefe ya fi kaurin roba muhimmanci. Lissafin ba wuya: faɗin da ya kai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, kowane santimita 1 na zurfi lita 10 yake riƙewa. Amma wannan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. In mota na hawa tudu ruwan duk baya yake gangarowa, don haka gajeren gefe ba ya kai ka ko'ina. Wani matafiyi a masaukin yana da irin wadda ake yankawa da almakashi ta dace da kowace mota. Kauri kam akwai, amma inda ya yanka babu gefe, ga warin roba da ke tashi da zarar rana ta buga.

Tawa ma tana da nata. Bangon but a buɗe yake, takalman taɓo sun zana shi, a wannan yadin ƙanina ya fi. Kula tana zamewa in an taka birki sai na ɗaure ta. Kuma da muka so ɗaga kujerun layi na uku don mu rage wa wasu hanya, dole aka ciro robar gaba ɗaya, domin wadda aka yi wa bayan layi na biyu ba ta zama idan na uku ya tashi. Mai yawan ɗaukar mutane ya duba wannan kafin ya saya.

Kan tsaunin hazo ne da sanyi. Mun tsallaka wani rafi, ruwa bai kai ƙofa ba. Dawowa ta wata hanya muka bi, babu shinge, babu ruwa. Ƙanina ya ce zai sayi ta roba ya sa a ƙasa, ya bar yadin ya rufe gefe da bayan kujeru.