Tseren Keke a Zafin Sakkwato: Me Ya Sa Hutu Yake Cikin Atisaye

Mafi yawan matasan da suke hawan keke don tsere a garin Sakkwato ba ƙarancin himma ne yake damun su ba, domin duk wanda ya fita bayan sallar asuba ya bi hanyar Kware ko ta Bodinga zai ga yadda suke taka feda babu sassauci. Abin da nake ganin yana hana su ci gaba shi ne yadda suka mayar da kowace fita gasa, kullum ana rige-rige, kullum sai an koma gida a galabaice, har ya zama wanda ya ce yau zai huta ana yi masa kallon rago. Bayan 'yan watanni sai a tarar mutum yana ƙara shan wahala amma gudunsa yana nan inda yake, sai ya ɗora wa kekensa laifi, ya fara tara kuɗin sabuwar taya ko sabuwar giyar keke.

Dalilin yana cikin jiki. Atisaye mai tsanani yana ƙarar da makamashin da tsoka ta ajiye, yana kuma yi mata ƙananan raunuka waɗanda ido ba ya gani, kuma sai lokacin barci da hutu ne jiki yake gyara su, ya ɗan ƙara a kan ƙarfin da yake da shi a da. Magini ba ya ɗora sabon sahun tubali a kan wanda bai sha iska ba, domin ya san katangar za ta tsage, kuma haka ƙafar ɗan tsere take idan aka ɗora mata wahalar yau a kan ta jiya wadda ba ta warware ba.

Wani masanin kimiyyar wasanni ɗan Amurka da ke aiki a Norwe, Stephen Seiler, ya yi suna ne saboda nazarin yadda manyan 'yan tseren dogon zango suke raba atisayensu, inda ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na fitarsu a sannu suke yin ta, ragowar kaɗan ɗin ce kawai mai tsanani. Yaranmu suna kallon Biniam Girmay na Eritiriya a waya, wanda ya ci zango har 3 ya kuma lashe koriyar riga, wato rigar wanda ya fi tara maki, a babbar gasar tseren keke ta Tour de France ta 2024, amma abin da ake nuna musu shi ne 'yan daƙiƙun ƙarshe na tsere, ba dogayen sa'o'in da irinsa suke shafewa suna tafiya a hankali ba. Ita kanta wannan gasa ta Faransa mai zango 21 akwai ranakun hutu 2 a cikinta. Gane tafiyar sannu ba ya buƙatar na'ura mai tsada: idan kana iya hira da abokin tafiyarka cikin cikakkun jimloli ba tare da haki ya katse ka ba, to kana inda ya kamata. A ra'ayina fita mai tsanani sau 2 a mako ta ishi wanda ba sana'arsa ke nan ba, kuma kada su zo a jere. Sannan wanda yake wuni a tsaye a kasuwa, ko yake kabu-kabu, ko yake aikin gona a fadamar Rima, ya sani cewa jikinsa yana lissafa wannan gajiyar tare da ta keke, ko da shi bai lissafa ba.

Inda muka fi bambanta da waɗanda suke rubuta tsare-tsaren atisaye a intanet shi ne yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, kuma a irin wannan yanayi zuciya tana aiki biyu ne, tana kai jini ga tsokar ƙafa tana kuma kai shi ga fata don jiki ya huce, shi ya sa gudun da yake da sauƙi a watan Disamba yake zama azaba a watan Afrilu. Mai hawan keke yana iya zubar da zufa lita 1 zuwa 2 a sa'a guda, kuma da zarar ruwan da ya rasa ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ƙarfinsa yakan fara raguwa. Ga mai nauyin kilo 65 wannan bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da aka rasa ita ce hawa sikeli kafin fita da bayan dawowa, domin kowane kilo da ya ɓace kusan lita 1 ce ta ruwa, kuma ana so a mayar da abin da ya ɗan fi haka a hankali cikin sa'o'in da suka biyo baya. Ruwa zalla ba ya wadatarwa a doguwar tafiya, tunda zufa tana fita da gishiri, kuma farin da ake gani a jikin riga bayan ta bushe shaida ce. Ruwan gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis yana da amfani bayan fita mai tsawo. A bazara dai ya kamata a ce an kammala komai kafin rana ta take. Idan kuwa abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi a kan keke, to ba lokacin ƙarfafa masa gwiwa ba ne, a sauke shi a inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Hunturu kuma yaudararsa daban ce, saboda busasshiyar iska tana shanye zufa tun kafin a gan ta, sai mutum ya zaci bai rasa komai ba.

Game da abinci ba na ganin dalilin kashe kuɗi a kan gwangwanayen garin furotin da ake talla a Facebook, alhali fura da nono suna bakin kasuwa: gero yana mayar da makamashin da ya ƙare, nono yana ba da furotin da ruwa, in dai an samu mai tsabta. Dabino a aljihun riga yana riƙe mutum idan tafiya ta wuce sa'a ɗaya da rabi, lokacin da ajiyar tsoka take fara yin ƙasa, kuma shinkafa da wake ko tuwo da ƙwai a gefe sun isa abincin bayan dawowa. A watan azumi gara a rage buri, a yi 'yar tafiya mai sauƙi dab da shan ruwa, a bar mai nauyi sai bayan an sha ruwa an yi asham, a kuma tuna cewa barcin da tashin sahur ya rage yana neman ramuwa da rana. Babban mutum yana buƙatar barcin sa'a 7 zuwa 9, kuma ɗan wasa ya fi kusa da na ƙarshen.

Akwai kuma maganar da ba a cika son yi a fili ba, wato shan ƙwaya don kashe gajiya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun daga Maris na 2019, musamman saboda yana kawo jiri da gyangyaɗi ga mutumin da yake gudu a tsakiyar tarin kekuna. A 2022 aka soke matsayi na 6 da Nairo Quintana na Kwalambiya ya samu a Tour de France bayan an gano maganin a jininsa, sannan hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta saka shi cikin haramtattu daga Janairun 2024. Ƙwayar ba ta gyara tsoka, tana toshe saƙon ciwo ne kawai, ga kuma kamu da take yi wa mai shan ta. Su ma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake saya kamar alewa, suna iya yi wa ƙoda illa idan aka sha su jiki yana cikin ƙarancin ruwa, wanda shi ne ainihin halin da ɗan tsere yake ciki a bazararmu.

Aikin koci a irin wannan wuri, ko da babban yaya ne kawai da yake jagorantar ƙannensa na unguwa, ya fi karkata ga sanin ranar da zai ce wa yaro ya koma gida. Yana da kyau kowane ɗan tsere ya riƙa ƙirga bugun zuciyarsa na minti guda da ya farka, kafin ya sauka daga shimfiɗa, ya rubuta a ƙaramin littafi tare da sa'o'in barcinsa da nisan da ya yi. Idan bugun ya haura yadda aka saba na 'yan kwanaki a jere, ga nauyin ƙafa da rashin son abinci, to a rage atisaye na wannan makon. Idan kuma akwai zazzaɓi, musamman a damina lokacin da sauro yake yawa, keke ya jingina da bango har sai an yi gwajin jini, an sha magani an kammala, sannan a dawo da gajerun tafiye-tafiye kafin a koma cikin sahun masu gudu.