Abin da na ɗauka daga Dawn Staley a aikin horar da 'yan mata

Iya wasa daban, iya koyar da shi daban. Duk wadda ta taɓa rataya usur a wuya ta tsaya gaban yara goma sha biyu ta san haka. Ni malamar wasanni ce a wata sakandaren 'yan mata, ƙwallon kwando nake koyarwa, kuma cikin waɗanda nake bibiyar aikinsu daga nesa babu wadda ta ƙara min ilimi kamar Dawn Staley, kociyar mata ta Jami'ar Karolina ta Kudu a Amurka.

An haife ta a 1970 a arewacin birnin Filadelfiya, ta tashi a rukunin gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, inda ta koyi wasa cikin yara maza. Tsawonta bai kai mita 1.70 ba, a wasan da dogaye ke cin kasuwarsu. A Jami'ar Virginia sau uku a jere ta kai ƙungiyarta zagayen huɗun ƙarshe na gasar jami'o'i ta ƙasa, daga 1990 zuwa 1992, amma ba ta ɗaga kofin ba ko sau ɗaya. A 1992 ɗin kuma aka cire sunanta daga tawagar Olamfik. Sai ta tafi ƙetare, ta buga a Faransa da Italiya da Sifaniya da Birazil, ta dawo ta ci zinare uku, a 1996 da 2000 da 2004.

Zinaren ba su ne suka fi jan hankalina ba. Gurbin da ta buga shi ne: mai raba ƙwallo. Wadda ke wannan gurbi dole ta san kowace abokiyar wasanta ciki da bai. Wance a ƙirji take son a jefo mata, wance sai an buga ƙwallon a ƙasa ya tashi, wance kuwa idan ta ɓarar sau biyu a jere zuciyarta ta karye, sai an sake ba ta da gangan kafin ta dawo hayyacinta. A ganina nan Staley ta yi karatun horarwa tun ba ta san tana yi ba. Da Jami'ar Temple ta nemi ta karɓi ƙungiyarta a 2000, ba ta ma da sha'awar aikin, sai da shugaban sashen wasanninsu, Dave O'Brien, ya yi ta naci. Ta karɓa alhali tana buga wa Charlotte Sting a gasar WNBA, wato gasar ƙwararrun mata ta Amurka, ta riƙa wasa da bazara tana horarwa da hunturu har ta yi ritaya a 2006. Cikin shekara takwas ta kai Temple gasar ƙasa sau shida.

Saboda wannan ne nake sa kowace yarinya a ƙungiyata ta ɗanɗani gurbin raba ƙwallo a atisaye, har da mafi tsawo. Wadda ta taɓa neman wa za ta ba ta rasa, ba sai an ce mata ta riƙa buɗe fili ba.

A 2008 ta koma Karolina ta Kudu. Kakar farko ta ci wasa 10, aka cinye ta 18. Ta biyu 14 da 15. Mace mai zinare uku a ɗaki! Sai a 2012 ta kai su gasar ƙasa, a 2014 ta shawo kan A'ja Wilson, fitacciyar 'yar wasa kuma 'yar jihar, ta zauna gida maimakon tafiya wata babbar makaranta, kofin farko kuma sai 2017. Shekara tara ke nan. Ina tuna wannan duk lokacin da aka tambaye ni ina kofi bayan zango biyu.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne abin da ya faru tsakanin 2023 da 2024. A 2023 sun ci wasa 36 ba a taɓa su ba, sai Jami'ar Iowa, ƙungiyar tauraruwa Caitlin Clark, ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. A wasan nan akwai lokacin da Clark ta bar wata yarinyar Staley mai suna Raven Johnson tsaye ita kaɗai a bayan layin maki uku, ta yi mata nuni da hannu alamar ba ta cancanci a tsare ta ba. Bidiyon ya zagaye duniya. Ku ƙaddara 'yarku ce, tana da shekara 20. Bayan haka 'yan wasa biyar da ke fara wa Staley wasa duk suka tafi, ta rage da sababbin hannu masu surutu da wasa, har ita da kanta ta kwatanta su da 'yan gidan raino. Ba ta ce sai sun zama irin waɗanda suka tafi ba. Ta sassauta inda ya kamata, ta riƙe wuta inda ba a sassauci. Raven kuwa ta miƙa mata ragamar raba ƙwallo.

A Afrilun 2024 suka sake haɗuwa da Iowa, wannan karon a wasan ƙarshe. Clark ta zuba maki 18 a rubu'in farko kaɗai. Aka ɗora mata Raven, daga nan zuwa ƙarshen wasa maki 12 ta ƙara. Karolina ta Kudu ta ci 87 da 75, ta kammala kakar da wasa 38 babu faɗuwa. 'Yan benci sun kawo maki 37, na Iowa ko ɗaya, kuma wadda ta fi kowa ci a ƙungiyar ranar, Tessa Johnson, 'yar aji ɗaya ce da ta taso daga benci.

Wannan ya canza yadda nake kallon yarinyar da aka yi wa dariya a fili. A wajenmu abin ya fi nauyi, domin da ƙyar aka bar ta ta zo; kunya ɗaya a gaban jama'a ta isa ta ce ta daina, gida kuma a ce dama. Lallashi kaɗai ba ya riƙe ta. Abin da na ga yana riƙe ta shi ne a ba ta aiki takamaimai, a zauna da ita a kan abin da ta gaza har ta iya, sannan a mayar da ita gaban waɗanda suka yi dariyar.

Akwai kuma zancen raga. A can al'ada ce wanda ya ci kofi ya yanke ragar kwandon. Carolyn Peck, baƙar fata ta farko da ta ci wannan kofi tana kociya, da Purdue a 1999, ta ba Staley guntun ragarta a 2015 da sharaɗin ta dawo da shi ranar da ta samu nata. Ta samu, ta mayar, a 2021 kuma ta yayyanka ragarta ta 2017 ta aika wa mata baƙar fata masu jagorantar ƙungiyoyi a babban rukunin jami'o'in ƙasar. Mu mata masu horarwa a nan ba mu da yawa, kowa na fama a lungunta. Shi ya sa duk tsohuwar ɗalibata da ta dawo hutu nake miƙa mata usur in bar mata ƙananan aji, in koma gefe ina kallo, bayan an tashi mu zauna mu tattauna abin da ta gani.