Randar Gwaggo da gashin bakin kyanwa

Da asuba muka tashi daga Yamai, ina rungume da 'yar kula a cinya kamar mai jego da jinjiri. A cikinta akwai faranti mai ramuka 24, an toshe bakin kowane rami da ɗan gilashi, a ƙarƙashin gilashin kuma ɗigon furotin guda yana reto. Lizozim ne, na farin ƙwan kaza. Yayana da ke karantar da kimiyya a Maraɗi ne ya ce in kawo, ɗalibansa su ga kiristal da idonsu, wato ƙwayar da furotin ke zama in ya jeru a tsare.

Ruwan da ke ƙasan ramin ya fi ɗigon gishiri, shi ya sa yake zuƙe ruwan ɗigon ta tururi, kaɗan-kaɗan, har furotin ya taru ya fara jeruwa. Wannan kaɗan-kaɗan ɗin ne hanya ba ta sani ba. Doso, Dogondutsi, sai jijjiga. A Ƙonni zafin Afrilu ya tsorata ni, na sayi ƙanƙara na cusa a kular. Lizozim kuwa in sanyi ya faɗo masa farat ɗaya, fita yake daga ruwa a guje.

Da Yaya ya leƙa madubin ƙara girma, sai ya yi dariya.

"Ƙane, tsaki ka kawo mana?"

Dubban ƙwayoyi ne ƙanana, babu na kirki ko ɗaya.

Muka sake haɗi, muka rage gishiri, muka bar tsamin a pH 4.5. Saura wurin ajiya. Masu wannan aiki kan ajiye faranti a digiri 20 ko 4 ba hawa ba sauka, mu kuwa rana ta haura 40, kuran na zuwa na tafiya, firijo ba abin dogaro ba ne. Gwaggo, da ke jinmu daga bakin murhu, ta ce, "Ku kai shi gindin randata mana, yashin can bai taɓa bushewa ba. Amma wai mene ne amfaninsa, ɗana?"

Na ce mata da irin wannan ƙwaya ake haska hasken X a ga siffar furotin. Haka David Phillips ya gano ta lizozim a Landan a 1965, haka Max Perutz ya gano ta himogulobin, furotin ɗin da ke sauyawa a jinin masu sikila. Da ta ji sikila sai ta yi shiru. Ta binne jika da ita.

Iri muka shuka da gashin bakin kyanwarta, wanda Yaya ya tsinta a tabarma: a taɓa tsakin nan, a ja layi cikin sabon ɗigo. Kwana huɗu Gwaggo ta hana yara shan ruwa a randar, kada su girgiza ƙasa. Ran na biyar muka ga ƙwaya shida a kan layin, garau, masu kusurwa kamar an sassaƙa.

Farantin na bar wa Yaya. Kular kuwa Gwaggo ta cika ta da ƙuli-ƙuli kafin in kama motar Yamai.